Gyaran Gida: Kafin Ku Buɗe Tsohon Murhun da Aka Toshe

Ga kaka ta shigo, ba da daɗewa ba kuma hunturu zai sauko. Yanzu ne mutane sukan tashi gyaran gida, a toshe yoyo, a yi shafe, a sake fenti kafin Kirsimeti. Saboda haka a wannan wata za mu ba ku labarin abin da muka tarar cikin gyaran namu gida, wanda da ba a tsawata mana ba da ya zama mana abin kuka.

Ku da kuke zaune a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, watakila za ku yi mamaki in muka ce akwai gidajen da aka gina musu murhu a jikin bangon falo. Ba murhun tuwo ba ne, na jin ɗumi ne, yana da bututun hayaƙi wanda ya bi bango ya fita ta saman rufi. A ƙasar Filato irin waɗannan gidaje suna da yawa. Gama Jos tana bisa tudu wajen ƙafa 4,000, watau mita 1,200, kuma a daren Disamba da Janairu sanyi yakan sauko zuwa digiri 10, wani lokaci har ƙasa da haka. Turawan haƙar kuza da ma'aikatan gwamnati da 'yan mishan sun gina su a Jos, Bukuru, Barikin Ladi, Vom, Miango da Pankshin. Akwai irinsu kuma a Gembu, bisa tsaunin Mambila. Da Turawa suka koma ƙasarsu, kasuwar kuza kuma ta faɗi a 1985, gidajen suka shiga hannuwa dabam dabam. Murhu da yawa aka toshe su da bulo ko katako, aka shafe, aka manta da su.

Irin wannan gida muka samu a bayan garin Jos. Ran da aka fara kankare tsohon fenti, sai muka lura bangon falo ya turo ciki a wuri ɗaya. Muka ƙwanƙwasa, muka ji ƙarar rami. Yara suka yi ta tsalle, suna cewa bana za a gasa masara da dankali a falo. Babban ɗanmu har ya ɗauko guduma.

Tsohon maginin da yake mana aiki ya riƙe hannunsa. Ya ce, "Ku dakata, 'ya'yana. Wanda ya toshe wannan wuri ba mahaukaci ba ne. Kun san dalilinsa?"

Muka ce, "Baba, ai an daɗe. Watakila bai son hayaƙi ne kawai."

Bai amsa ba. Ya jawo mu waje, ya nuna rufin gidan da sandansa, ya ce, "To, ku nuna mini inda hayaƙin zai fita."

Muka duba, muka sake dubawa. Kwano ne shimfiɗe tun daga wannan gefe har wancan, babu kan bututu ko kaɗan. Da aka sa tsani aka leƙa cikin silin, sai ga shi. Ashe sa'ad da aka sake rufin gidan shekarun baya, an rushe kan bututun aka bi da kwano ta bisansa. Bakinsa yana buɗe a cikin silin, tsakanin busassun katakai, kusa da wayoyin lantarki, daidai saman ɗakin da yara suke kwana. Da mun fasa bango mun hura wuta a daren nan, hayaƙi da tartsatsi can za su tafi. Gaskiyar masu iya magana ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ga abin da muka koya. Ramin da kuke gani a falo baki ne kawai. Ainihin murhu shi ne hanyar hayaƙi, ita kuwa ba a ganinta daga ɗaki. Kada a kunna ko ashana ɗaya sai an tabbata hanyar nan a buɗe take, kuma ba ta yoyo, tun daga ƙasa har sama.

Yadda murhu yake aiki

Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka takan tashi sama. Sa'ad da take hawa cikin bututu, sai ta jawo wata iskar daga ɗaki zuwa cikin wuta, hayaƙi kuma ya bi ta ya fita. Abu uku wannan aiki yake bukata: hanya a buɗe, bututu mai isasshen tsawo, da iska mai shigowa ɗakin daga waje. In ɗaya ya ɓace, hayaƙi zai komo muku.

A fara da tambaya

Ku nemi wanda ya zauna a gidan kafin ku, ko tsohon maigadi, ko maƙwabci da ya daɗe a unguwar. Wani ya toshe ne saboda ɓeraye da ƙura, wannan da sauƙi. Wani kuwa domin bututun ya tsage ne, ko ya taɓa kama wuta, ko ruwa yana bi ta ciki. In gidan haya ne, sai da yardar mai gida. In na ekklisiya ne ko na makaranta, a kai maganar gaban dattawa tukuna.

Sa'an nan a hau sama

Aikin daga rufi yake farawa. A sa magini mai hankali ya hau da rana, kwano yana bushe, wani kuma yana riƙe masa tsani. Ya duba ko kan bututun yana nan, ko ya karkace, ko an liƙe shi da siminti. Filato ƙasar tsawa ce, kuma ruwan da ake yi a Jos yakan kai wajen milimita 1,400 a shekara. Bututun da ya sha wannan shekara 60 ko 70 ba a duba shi ba, da wuya a same shi lafiya ƙalau.

Kafin ya kai fuskarsa bakin bututun, ya tsaya daga nesa ya kalla. Ƙudan zuma suna son irin wannan wuri ƙwarai. In ya ga suna shiga suna fita, ya sauko, a kira masu kiwon zuma su kwashe su da dare. Kada a ce za a kore su da wuta, gama saƙar zuma kaki ce, tana narkewa ta kama.

Game da tsawo, ƙa'idar da magina suke bi a Amurka tana da sauƙin riƙewa. Kan bututu ya ɗara wurin da ya huda rufi da ƙafa 3, ya kuma ɗara kowane sashin gini da yake cikin tazarar ƙafa 10 da ƙafa 2. In an ɗaga rufin gidan daga baya, mai yiwuwa bututun ya zama gajere, sai an ƙara shi.

Daga nan a shiga cikin silin da tocila. A bi jikin bututun ta kowane gefe. Baƙin tabo a jikin tubali alama ce hayaƙi ya taɓa fita ta wurin. Katako kada ya taɓa jikin bututu, a bar aƙalla inci 2 tsakaninsu. Mun san kafintoci sukan so su ɗora kan katakon rufi a jikin bututu domin yana da ƙarfi. In kun ga haka, sai an kawar. A duba kuma ko mai gyaran lantarki ya bi da waya ta cikin bututun, gama wasu sukan mai da shi hanya mai sauƙi.

Buɗewa

A kashe wutar lantarki ta gidan daga mita. A fitar da kujeru, a shimfiɗa tsofaffin buhuna, a buɗe tagogi, a kai yara gidan maƙwabta. Mai aiki ya rufe hanci da baki, ya sa tabarau da safar hannu.

A duba abin da aka toshe da shi. In allo ne mai launin toka, irin na tsohon silin, ku ɗauka asbesto ne. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, takan jawo ciwon daji bayan shekara 20 ko 30 ko fiye. Ingila ta hana amfani da shi gaba ɗaya a 1999. Kada a sa masa zarto, kada a fasa shi. A jiƙa shi da ruwa sosai, a kwance kusoshin, a cire shi ɗungum, a naɗe cikin leda mai kauri, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

In bulo ne, kada a ɗauki babbar guduma a rufe bango da duka. A kankare shafen tukuna har a ga iyakar tsohon baki. A samansa dole a sami linta, ko ta dutse, ko ta ƙarfe, ko tubalin da aka jera kamar baka. Ita take ɗauke da nauyin dukan ginin da ke bisa. In ta tsage, ko ƙarfen ya yi tsatsa, ko babu ita sam, to, bulon da kuke shirin cirewa shi ne yake riƙe da bangon. Sai a tokare, a sa sabuwar linta, kāna a ci gaba.

In linta tana da kyau, a cire bulo ɗaya daga sama, a ƙarƙashinta, da kurfi da ƙaramar guduma. A haska tocila, amma kada a zura hannu. A namu mun kwashe buhu 4 na sheƙar tsuntsaye da kashin jemage da ɓaraguzan tubali, kunama kuma ba ɗaya ba. A yayyafa wa tarkacen ruwa kafin a kwashe, domin ƙurar kashin jemage da na tsuntsu tana kawo ciwon huhu.

Kada ku faɗaɗa bakin murhu don ya yi kyan gani. Akwai lissafi tsakaninsa da bututu. Faɗin ramin bututu ya zama wajen kashi ɗaya cikin goma na faɗin bakin murhu. Misali, bututu mai inci 9 a kowane gefe zai iya da baki mai faɗin inci 27 da tsawon inci 30. In kun wuce haka, bututun ba zai iya kwashe hayaƙin duka ba.

Sharar bututu

Kunkunniyar da ta manne a cikin bututu ba datti ba ce kawai, makamashi ce. In ta yi kauri ta kama, wutar cikin bututu takan kai zafin digiri 1,000, ta tsaga tubali, ta kama katakon rufi. A liƙe bakin murhu da katako da jiƙaƙƙen bargo. Daga sama a ɗaure dutse a igiya a sauke shi a hankali. In ya isa ƙasa, hanya a buɗe take. In ya tsaya, a auna igiyar, za a san inda toshiyar take. Sa'an nan a ɗaura burushin ƙarfe ko dunƙulen tsintsiyar kwakwa a igiyar, a yi ta ja sama da ƙasa har kunkunniya ta daina zuba.

Muna roƙonku, kada a tura yaro cikin bututu wai don jikinsa ƙarami ne. A Ingila an daɗe ana haka. Yara da yawa suka maƙale suka mutu, kuma tun 1775 wani likita a Landan mai suna Percivall Pott ya nuna cewa kunkunniya tana ba masu wannan shara ciwon daji. Sai a 1875 aka yi dokar da ta kawo ƙarshen abin.

Gwaji biyu

Na fari, gwajin ja. A ƙona tsofaffin takardu kaɗan kaɗan a cikin murhu na minti 10 domin bututu ya yi ɗumi. Sa'an nan a kawo kyandir bakin murhun. Harshen wutar ya kamata ya karkata ciki. In ya tsaya cak, ko ya juyo ɗaki, akwai sauran aiki.

Na biyu, gwajin yoyo, shi ne mafi muhimmanci. Ana bukatar mutum uku: ɗaya a kan rufi, ɗaya a bakin silin da tocila, ɗaya a falo. A sa garwashi kaɗan a kasko a cikin murhu, a zuba ɗanyar ciyawa don ta yi hayaƙi mai yawa. Da zarar hayaƙi ya fito sama, na kan rufi ya rufe bututu da jiƙaƙƙen buhu, na falo ya rufe baki da katako. Ƙofofi da tagogi duka a buɗe. A yi minti 5 ana dubawa a cikin silin, a kowane ɗaki, a bayan kabad, a bangon waje. Ko siririn hayaƙi aka gani, ko warinsa aka ji, bututun yana yoyo. Bayan gwajin a tabbata an cire buhun nan daga sama.

Gyara

Cikin murhu wurin jan bulo ne, wanda aka gasa. Bulon siminti da tayil ɗin ƙasa ba sa jimre wuta, suna tsagewa. Ƙaramar tsaga magini zai iya cikewa. In ta yi yawa, sai a rushe sashin a sake ginawa, ko a zura bututun ƙarfe marar tsatsa tun daga ƙasa har sama. A gaban murhu a yi daɓen dutse ko kankare da ya fito inci 20, watau rabin mita, kada leda ko darduma ta hau shi. A kan bututu a sa hular ƙarfe da raga mai ido kamar rabin inci. Ragar sauro ba ta yi, gama kunkunniya takan toshe ta nan da nan.

Ga wani abin da gyaran zamani ya kawo. Tsofaffin tagogi suna barin iska ta shiga ko an rufe su. Sababbin tagogin alminiyam kuwa suna liƙe ɗaki ruf. Wuta za ta rasa iska, hayaƙi ya komo. Don haka a bar ƙofar iska a jikin bango, ko a ɗan buɗe taga duk lokacin da wuta take ci. In za ku sa silin na roba, ku nisanta shi da jikin bututu.

Wutar farko

A bar sabon gini ya bushe aƙalla mako biyu. Wutar farko ta zama ƙarama, da rana, kowa yana farke, ana taɓa bango ana leƙa silin. A ƙara ta kaɗan kaɗan cikin kwanaki. A yi amfani da itacen da ya bushe sarai, irin su marke da ƙirya. Itacen turare, wanda ya yi yawa a Filato, yana da kyau in ya shekara a tsage, amma ɗanyensa hayaƙi ne da kunkunniya. Kada a ƙona leda, ko roba, ko guntayen katakon gini masu fenti ko maganin gara. Kananzir da fetur kada su kusanci murhu. A sa ragar ƙarfe a gaba saboda tartsatsi da yara masu rarrafe. Kujera da labule da shanya su yi nisan mita ɗaya. A ajiye bokitin yashi kusa. Toka a kwashe cikin bokitin ƙarfe a kai waje, gama garwashi yakan kwana da rai a cikinta.

Iskar da ba a gani

Hayaƙi yana sa tari da hawaye, mutum ya tashi ya gudu. Amma akwai wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce take kashe iyali a daren da aka kwana da janareta ko kaskon gawayi a ɗaki. Tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Garwashin da ya daina hayaƙi yana fitar da ita ƙwarai, don haka kada a rufe bututu ko a kwanta barci sai wuta ta mutu.

Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Sau da yawa akan ce zazzaɓi ne. Ku lura: in mutane da dama a gida suka kamu a lokaci ɗaya, babu zafin jiki, kuma suna jin sauƙi in sun fita waje, ku zargi wutar. A fitar da kowa, a buɗe ƙofofi, a tafi asibiti, a gaya wa likita an hura wuta a ɗaki. Manja da madara ba sa maganinta. Mace mai ciki da jarirai da tsofaffi su ne take fara kayarwa. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da take kuka in ta ji wannan iska. In kun iya kuɗin gyaran murhu, ku saye ta, ku kafa a falo da kusa da ɗakin kwana.

In bai gyaru ba

Ba abin kunya ba ne a sake toshewa. A sa hula a sama saboda ruwa, a bar 'yar ƙofar iska mai raga a ƙasa don kada bango ya yi danshi. A rubuta dalilin a takarda a ajiye tare da takardun gida, saboda wanda zai zo bayanku. Bargo da rigar sanyi ba su taɓa ƙone gida ba.

Mu dai namu ya gyaru. Baba ya ɗaga bututun ya fito ta saman kwano, aka kawar da katako biyu, aka sake wa wayoyi hanya. Kuɗin ya ninka abin da muka zata, har muka ɗage fentin waje zuwa baɗi. A gwajin farko hayaƙi ya fito a cikin silin, aka sake gyara. A na biyu bai fito ba. Da yamman da aka hura wutar farko, Baba ya ƙi zama a kujera. Yana waje yana kallon sama har ya ga hayaƙi yana tashi a miƙe, sa'an nan ya shigo ya karɓi masararsa. Ya bar mana gargaɗi ɗaya, a share bututun kowace shekara da kaka, kafin sanyi. Mu ma mun bar muku shi.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan gara da katakon rufi.